Riƙon Barde

Mutanen Ingila, duk da abin da aka san su da shi na kame baki da ƙin shiga sha'anin maƙwabci, har mutum ya shekara goma a unguwa bai san sunan wanda bango ɗaya ya raba su ba, suna da wata ƙofa guda wadda in ka biyo ta cikinta za ka same su da sakin fuska da yawan zance, ita ce ƙofar dabba. Tun shekarar 1824 suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Gidan marayun dabbobin nan na Landan da ake kira Battersea, wanda aka kafa domin karnuka a 1860, ya fara karɓar maguna a 1883. A 1927 kuma aka kafa wata ƙungiya wadda ba ta da aiki sai na maguna zalla. Daga Battersea ɗin ne ma aka ɗauko muzurun da ake kira Larry a 2011, aka kai shi gidan firayim minista domin ya yi maganin ɓeraye, kuma ya zuwa 2024 ya riga ya raka firayim minista biyar bakin ƙofa da kayansu, shi kuwa yana nan daram, babu mai ƙuri'ar da za ta tsige shi.

A ƙarƙashin waɗannan manya akwai ƙananan ƙungiyoyi na 'yan sa-kai a kusan kowane gari, waɗanda ba su da gini, ba su da albashi, ba su da komai sai tarkon ƙarfe da tsohuwar mota da 'yan kuɗin da suke tarawa ta hanyar sayar da gwanjo da kek. Tun da yake ba su da inda za su ajiye magen da suka tsinto a titi, sai su nemi wanda zai riƙe ta a gidansa har ta warke ta saba da mutane a sami mai ɗauka. Su ne da abinci da yashin ba-haya da kuɗin likita, mai riƙo kuwa nasa ɗaki ne da haƙuri. Irin wannan ƙungiya ce ta same ni a birnin Leeds, inda neman ilmi ya kai ni tare da iyalina, muna haya a ɗaya daga cikin gidajen jan bulon nan da ke jere a manne da juna tun zamanin da ake ɗumama ɗaki da gawayin kwal.

Shugabarsu wata dattijuwa ce da ke zaune a layinmu, 'yar ƙarama, mai farin gashi da kaifin ido, wadda uwargidana ta laƙaba wa suna Magajiya tun ranar da ta fara ganinta. Wata Asabar na iske ta a bakin kasuwa da teburinta da gwangwanin neman taimako, na jefa abin da ya sawwaƙa, kuma da yake malami ba ya iya wuce wurin da aka taɓa fanninsa bai tofa albarkacin bakinsa ba, sai na tsaya na ba ta labarin matsayin kyanwa a wurinmu: yadda babban sahabi Abu Huraira ya samo laƙabinsa daga 'yar kyanwar da yake ɗauka, yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, domin ba najasa ba ce, har na kai ga Sarkin Masar Zahir Baibaras, wanda a ƙarni na 13 ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da magunan da ba su da masu su. Ta saurara da kyakkyawar nutsuwa, irin wadda ban taɓa samu ba a wurin ɗalibai, da na dasa aya sai ta ciro alƙalami ta ce, "Malam, kana da ɗakin da babu mai kwana a ciki?"

Abin da ya biyo baya, in na ce bincike ne na rage masa daraja, domin ko lokacin da na je neman aure, iyayen yarinya da baffanninta da suka aika a tambayo asalina da sana'ata da halina ba su tone ni kamar yadda Magajiya da mataimakiyarta suka tone ni ba. Sai da aka kawo takardar yardar mai gidan haya da sa hannunsa. Aka auna tagogi, aka leƙa bayan injin wanki, aka tambayi ko muna shan taba, ko muna barin ƙofa a buɗe, ko baƙi suna yawan zuwa. Aka ga wani furen kallo a tukunya, aka ce wannan irin lili ne, ko ƙurarsa mage ta lasa ƙodarta na iya mutuwa, aka fita da shi. Aka gargaɗi uwargida a kan albasa da tafarnuwa, ita kuwa ta ce in haka ne sai dai mu da kanmu mu daina cin abinci. Aka ce kada a kuskura a ba mage farasitamol, domin ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta, kada kuma a ɗiga mata maganin ƙumar da aka yi domin kare. Daga ƙarshe suka tsaya gaban tsohon murhun da ke ɗakin karatuna, wanda aka daina hura wuta a cikinsa tun kafin a haife ni, suka ce wajibi ne a toshe bakin bututun hayaƙinsa. Na toshe shi da kwali, na jingina masa ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda duk wanda ya taɓa ɗaga shi ya san ba ƙaramin tubali ba ne, suka duba suka ce ya wadatar.

Ran nan da magariba, a farkon wani dogon hutu da asibitocin dabbobi suke rufe sai na gaggawa, sai ga Magajiya da tarko lulluɓe da tsohon bargo, wani abu yana huci a ciki. Ta ce a bayan wasu kantuna aka kama shi, ya fi ƙarfin a taɓa shi balle a duba shi, amma tun da launinsa ruwan goro ne, kuma masu wannan launi mafi yawansu maza ne, ga shi da ƙaton ciki da faɗin kai, to muzuru ne; in hutu ya ƙare za a kai shi a fiɗiye shi. Na leƙa ta gefen bargon, na ga ido biyu masu ruwan ganye suna dubana da wata irin ƙiyayya wadda ban san na yi abin da ya cancance ta ba. Saboda kwarjininsa na sa masa suna Barde. Aka buɗe tarko a tsakar ɗaki, muka ja ƙofa muka fita, bisa ƙa'idar da suka koya mini cewa sabon zuwa ba a matsa masa, a bar shi ya ɓuya har ya gaji don kansa.

Da gari ya waye na shiga da kwanon abinci da sallama, na tarar da Bargery kwance rub da ciki a buɗe wajen harafin K, kwali a yage, ɗaki kuwa babu kowa. Na durƙusa na tura kai cikin murhu ina kiran "mus, mus", abin da ya amsa mini shi ne wani curin kunkunniya na shekara da shekaru, wanda ya sauko mini a fuska da gemu gaba ɗaya. Da na buga wa Magajiya waya a wannan hali, ba ta tambayi lafiyar idona ba. Cewa ta yi a cikin irin wannan bututu akwai wani ɗan dandamali sama kaɗan da murhu inda suke maƙalewa, kada in sa sanda, kada in kira 'yan kwana-kwana, in buɗe gwangwanin kifin sadin in ɗumama shi kaɗan don ƙamshi ya tashi, in kashe fitila in ba shi wuri. Haka muka zauna, kullum da safe kwano wayam, kaskon yashi an yi amfani da shi bisa ladabi, sawun ƙafa baƙi ƙirin ya bi ta kan takardun bincikena babi bayan babi, amma mai sawun ba a ganinsa. Wani dare uwargida ta fito shan ruwa, ta hangi ƙofar ɗakin a ɗan buɗe, ta ga baƙar halitta zaune bisa kujerata da idanu suna ƙyalli. Ihun da ta yi da Ayatul Kursiyyun da ta biyo bayansa sun tashe ni, sun kuma tashi maƙwabtanmu na dama da na hagu. Ta ce, "Malam, jan mage aka kawo maka, wannan kuwa baƙa ce wuluk. Ka faɗa mini gaskiya, mene ne ka shigo mana da shi gida?" Na yi mata bayanin kunkunniya da hujjoji na hankali, ta ce ta ji, amma daga ranar ba ta ƙara wuce ƙofar ba sai da a'uziyya.

A cikin ɗakin nan akwai akwatin da nake ajiye babbar rigata ta shadda, fara sol, mai aska takwas, wadda aka yi wata da watanni ana yi mata aiki a Zariya, ba na kuwa fito da ita sai sallar idi ko ranar da za a ɗauki hoto. Ranar Jumma'ar da aka gayyace ni ɗaurin aure a Bradford, na jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur, na ga murfinsa a ɗage, na kai hannu, sai na ji an sakar mini farata huɗu a bayan hannu. Da na ja da baya na haska fitila, sai ga Barde kwance a tsakiyar aikin rigar, daidai kan tambarin, ga waɗansu abubuwa huɗu jiƙaƙƙu, makafi, suna motsi a jikin cikinsa suna tsotso. Na daɗe a tsaye ina juya mas'alar a zuciya, domin duk karatuna ban taɓa cin karo da babin muzurun da ya haihu ba. Cikin mage kwana 63 ne zuwa 65, ashe ƙaton cikin da muka ɗauka alamar jarumta ce ya riga ya kusa wa'adinsa tun ranar da aka kama ta. Magajiya ta zo da gudu, ta duba, ta yi murna kamar an yi mata jika, ta kuma yanke hukunci cewa ba za a taɓa shimfiɗar mai jego ba sai 'ya'ya sun yi ƙwari, don kada ta tsorata ta yashe su. Na ce ai shimfiɗar rigata ce. Ta shafa bakin aikin da yatsa ta ce lalle kyanwar nan ta san kaya mai kyau. Ɗaurin aure dai da kwat na je shi, ana ta tambayata ko lafiya.

Uku daga cikin 'ya'yan suka kama nono suka yi ɓul-ɓul, na huɗun kuwa, wanda uwargida ta kira Auta, 'yan'uwansa suka riƙa ture shi har uwar ta fara kau da kai daga gare shi, sai riƙonsa ya faɗo kaina. A nan ne na san cewa abin da littattafai suka ce game da tsarkin kyanwa gaskiya ne, amma ba su faɗi ko rubu'in abin da ke cikin hidimarta ba. Ɗan kyanwa ana haihuwarsa da nauyin kamar giram 100, kuma ana so kullum ya ƙara kamar giram 10, saboda haka aka ƙwace ma'aunin da uwargida take auna fulawa aka mai da shi na asibiti, aka ba ni littafi ina rubuta nauyi safe da yamma. Nonon saniya haramun ne a gare shi, zawo yake sa shi. Akwai wata madarar gari ta musamman da ake damawa da ruwan ɗumi, a zuba a wani ɗan bulumboti, a ɗiga a bayan hannu a ji zafinta, a kwantar da shi bisa cikinsa, ba rigingine ba, don kada ta sarƙe shi ta shiga huhu. Bayan kowace awa biyu ake yin haka, dare da rana. Ba ya iya ɗumama jikinsa, sai an naɗe gorar ruwan zafi da tawul an ajiye masa. Abin da ya fi ƙona mini rai, wanda kuma Magajiya ta bari sai da na riga na amsa kafin ta faɗa, shi ne ɗan kyanwa a makonninsa na farko ba ya iya fitsari ko ba-haya da kansa, uwarsa ce take lasarsa har ya yi. Wanda kuwa ya tsaya a matsayin uwa, sai ya sami auduga da ruwan ɗumi ya yi ta shafawa a hankali har buƙata ta biya. Ni da na yi shekaru ina niyyar tsayuwar dare barci yana rinjayata, sai ga ni ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu a tsaye cur, da auduga a hannu, ina lallashin abin da bai kai tafin hannuna ba ya taimake ni ya yi kashi.

A cikin wannan hali ne mahaifiyata ta bugo waya daga gida, ta ji kuka siriri a kusa, ta yi hamdala ta ce ashe an sami ƙaruwa ba a faɗa mata ba. Uwargida, wadda ta daɗe tana jiran irin wannan dama, ta karɓi wayar ta ce, "An samu, Hajiya, har huɗu, kuma shi yake shayarwa." Da aka warware mata zance ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kai wannan, karatun ke nan da aka sayar da gona aka tura ka?"

Sai kuma ƙuma. Abin da ban sani ba sai da likitan dabbobi ya karanta mini shi, shi ne wadda ake gani a jikin dabba ita ce kaɗan, mafi yawan rundunar ƙwai ne da tsutsa da ke kwance cikin kafet da tsagar katako, zafin na'urar ɗumama ɗaki kuwa shi ke ƙyanƙyashe su ko da tsakiyar hunturu. Suka bar maguna suka kama idon sawuna. Na yi susa a laburare, na yi susa a gaban shehun malamin da ke duba aikina, na yi susa a sahun Jumma'a har dattijon da ke gefena, mutumin Pakistan, ya ba ni sunan wani man shafawa bayan an sallame. Aka wanke duk abin da ke wankuwa a ruwa mai zafin digiri 60, har da rigar shadda, wadda ta fito daga injin da wani launi da ba shi da suna a Hausa. A waje kuma, tun da kyanwa tana iya sake ɗaukar ciki tun tana shayarwa, muzuran unguwa suka sami labari, suka riƙa taruwa bisa katangar bayan gida suna rera abin da suke rerawa har asuba.

Da 'ya'ya suka kai mako tara aka yi musu allurar farko, aka tsira wa kowanne 'yar ƙwayar lantarki a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, mai ɗauke da lambar da ke nuna mai shi, domin tun 10 ga Yuni 2024 dokar Ingila ta wajabta haka ga kowace kyanwar gida kafin ta kai mako 20, wanda ya ƙi kuwa tararsa na iya kai fam 500. Da na ji ana karɓar kuɗi a hannun masu ɗauka, na tayar da mas'ala, na ce akwai hadisin Jabir a cikin Muslim da ya yi hani ga cin kuɗin kyanwa, ko da yake jamhurun malamai sun ɗauke shi a kan karhanci. Magajiya ta ɗauko takardun likita ta baje mini, ta ce in lissafa allura da fiɗiya da maganin tsutsa da na ƙuma, in na ga ribar kobo a ciki ta yarda ciniki ne. Na lissafa, na janye fatawata. 'Ya'yan suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Auta, wanda na yi wa hidimar da ban yi wa kowa ba, ya shiga kejin wata malamar asibiti ko waiwaye bai yi ba.

Barde ce ta rage, an yi mata aiki an cire mahaifa, an aske mata gefen ciki an ɗinke, launinta ya dawo, halinta kuwa bai sauya ba, domin har lokacin ban isa in miƙa hannu ba sai da safar fata. Duk wanda ya zo dubanta, in ya ga tabon da ke hannuna, sai ya ce zai je ya yi shawara. Daga bisani wani tsohon direban bas mai cin fansho, wanda matarsa ta rasu, gidansa kuma layi biyu ne daga namu, ya zo ya zauna bisa kujerata ko hularsa bai cire ba. Ina cikin karanta masa sharuɗɗa da gargaɗi, da muryar wanda ya san abin da yake faɗi, sai Barde ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta yi miƙa, ta haye cinyarsa, ta lumshe ido ta kama gurnani. Ya sa mata sunan wani abin shafa wa burodi da ake yi da ɓawon lemo, ya tafi da ita.

Bayan ya tsare ta a gida 'yan makonni kamar yadda aka umurce shi, ya buɗe mata ƙofa, washegari da hantsi sai ga ta bisa tagar kicin ɗinmu tana kallon uwargida. Dokar ƙasar ba ta kama mai kyanwa da laifi don kyanwarsa ta shiga gidan wani, saboda haka babu wanda za a kai ƙara. Ta karya kumallo a can, ta yi kalaci a nan, ta koma can ta kwana. Da lokacin awo ya zo likita ya ce ta yi ƙiba mai hatsari, direba ya rantse bisa ma'auni yake ba ta, ni ma na ce ban san komai ba. Magajiya ta yanko takarda ta yi mata abin wuya, irin wanda suke sa wa magen da ake shakkar ko tana da mai ita, ta rubuta cewa kada a ciyar da wannan kyanwa, mai magana ya kira lamba kaza. Kafin magariba aka kira. Mai suyar kifi da dankali ne na bakin titi, a fusace, yana cewa muzurunsa ne, shekara uku yana ba shi ƙeyar kifi a bayan kanti, ya ɓace masa wata da watanni har ya fid da rai, yanzu ya dawo masa da aski a gefen ciki da takarda a wuya, yana so a gaya masa wanda ya yi masa wannan aiki. Da aka ce masa ai muzurun nasa 'ya'ya huɗu ya haifa a cikin rigar wani bawan Allah, sai ya ce a riƙe masa hankali, shi ba yaro ba ne.

Magajiya ta tara mu mu uku a falonta, ta ba kowa shayi, ta saurari da'awa da jawabi, ta zartar da hukunci cewa lambar da ke jikin kyanwa sunan direba take nunawa, shi kaɗai ne zai ciyar. Ni da mai kifi an yarda mu gaisa da ita in ta zo, amma ko ƙaya kada mu ba ta. Muka amsa, muka yi musafaha. Da wata ya kewayo aka sake ɗora ta bisa ma'auni, sai aka tarar ta ƙara giram 200. Magajiya ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, na ce ni dai mai kifi nake zargi, kuma har yanzu a kan haka nake, ko da yake uwargida, wadda ba ta cin sadin, ta sa shi cikin cefanen kowane mako.